Fitilar Tsibirin Flannan

Yau za mu yi magana a kan wata fitila da ke tsakiyar teku a ƙasar Sikotilan, da mutum uku waɗanda aka ba amanarta. Sikotilan tana arewa da Ingila. Ƙasa ce mai sanyi da duwatsu, teku ya kewaye ta gabas da yamma da arewa.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, saboda haka bari mu fara da bayani. A cikin teku akwai duwatsu, waɗansu sun fito fili, waɗansu ruwa ya rufe su. In jirgi ya yi karo da su da dare, sai ya fashe, mutane su halaka. Don haka akan gina doguwar hasumiya a wurin haɗari, a sa babbar fitila a kanta. Kowace fitila da irin walƙiyarta. Matuƙin jirgi in ya ƙidaya walƙiyar, sai ya san inda yake, ya kauce.

A yammacin Sikotilan akwai babban tsibiri, sunansa Lewis. In aka bar Lewis aka nufi yamma kamar mil 20, sai a iske waɗansu ƙananan tsibirai a Tekun Atlantika, ana ce musu Flannan. Sunan wani malamin Kirista ne na zamanin da, har yanzu akwai kangon ɗan ɗakin ibada na dutse da ake kira da sunansa. Ba gari, ba gona, ba itace ko ɗaya. Sai ciyawa da tsuntsayen teku. Mutanen Lewis sukan je da rani su kama tsuntsaye, su ɗebi ƙwai da gashinsu, sukan kuma kai tumaki kiwo.

A shekarar 1895 hukumar fitilun teku ta Sikotilan, wadda ofishinta ke birnin Edinbara, ta soma gina hasumiya a kan tsibirin da ya fi girma. Injiniyan da ya tsara ta sunansa David Stevenson, danginsa sun gaji wannan aiki. Ginin ya yi wuya ƙwarai, don kowane kaya sai an kawo shi a jirgi, sa'an nan a jawo shi bisa dutse mai tsayi. Aka sassaƙa matakala, aka yi matsayar jirgi biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, domin in iska ta hana wannan a tsaya a waccan. Tsawon hasumiyar ƙafa 75. Ran 7 ga Disamba, 1899, aka kunna fitilar.

Ma'aikata huɗu aka ɗauka. Kullum uku suna tsibirin, ɗaya yana hutu a ƙauyen Breasclete cikin Lewis, inda aka gina wa iyalinsu gida. Aikinsu shi ne kunna fitila da magariba, su yi tsaronta bi da bi har gari ya waye, su goge gilashi, su zuba mai. Kowace rana sukan rubuta yadda iska take a kan allo, daga baya su kwafe a littafi. Akwai kuma doka mai ƙarfi: kome ya faru, kada a bar hasumiya ba kowa.

To, shekara guda ke nan da kunna fitilar. Daren 15 ga Disamba, 1900, wani jirgi mai suna Archtor ya zo wucewa daga Amurka. Shugaban jirgin ya duba, bai ga haske ba. A tsibirin babu waya, labarin kuwa bai kai ga hukuma da wuri ba.

Jirgin da ke kai musu abinci da canji, sunansa Hesperus. Ran 20 ga wata ya kamata ya je, amma hadari ya tsare shi, sai ran Laraba 26 ga wata ya isa. Ba a ga tuta ba. Aka busa ƙaho, shiru. Aka harba wuta sama, ba wanda ya fito. Sai ma'aikaci na huɗu, Joseph Moore, ya sauka, ya hau matakala shi kaɗai.

Ku saurari abin da ya tarar, don a nan ne gaskiyar labarin take. Ƙofar shinge a rufe, ƙofar gida a rufe. Agogo ya tsaya. Murhu ya yi sanyi, an kwana biyu ba a hura wuta ba. Gadaje ba kowa. An wanke kwanoni, an goge fitila an cika ta da mai, kunnawa kaɗai ta rage. Mutum uku kuwa, James Ducat shugabansu, da Thomas Marshall, da Donald McArthur, babu su babu alamarsu. Moore da waɗansu mutum uku daga jirgin suka zauna a tsibirin, suka kunna fitilar a daren nan.

Ran 29 ga wata hukuma ta aiko da babban jami'inta, Robert Muirhead, ya yi bincike. Ya duba littafi, ya ga an rubuta har ran 13. Ya duba allo, ya ga an rubuta na ran 14, da na safiyar Asabar 15 ga wata, ƙarfe 9. Daga nan ba a ƙara rubuta kome ba. Da wannan, da aikin safe da aka gama, ya gane cewa ran Asabar bayan tsakar rana abin ya faru. Ya kuma ga rigar ruwan McArthur a rataye, na sauran biyun babu. Watau biyu sun fita da shiri, na ukun ya bi su da gaggawa.

Sa'an nan ya gangara matsayar yamma. Can ya ga ɓarna. Akwai akwatin da ake ajiye igiyoyi a cikin tsagin dutse, ƙafa 110 sama da ruwa. Ruwa ya kai gare shi, ya watsar da igiyoyin. Ƙarafan dogarawa sun lanƙwashe. Wani dutse mai nauyin fiye da tan ɗaya ya gusa daga mazauninsa. Ku auna ƙafa 110 a ranku: ya fi yawancin itatuwan rimi da muka sani tsawo.

Ga abin da Muirhead ya yanke. Mutanen sun sauka don su ɗaure akwatin nan, sai wata ƙatuwar igiyar ruwa ta hau dutsen, ta share su zuwa teku. Ba a taɓa samun gawarsu ba. Ducat ya bar mata da 'ya'ya huɗu, McArthur ya bar mata da 'ya'ya biyu.

Da labari ya bazu, sai kowa ya ƙara nasa gishiri. Waɗansu suka ce dodon ruwa ne, waɗansu suka ce jirgin wata ƙasa ya sace su. A 1912 wani mawaƙin Ingila, Wilfrid Gibson, ya yi waƙa a kansu, ya ce an tarar da abinci a kan tebur ba a taɓa ba. Amma Moore, wanda ya fara shiga ɗakin, kwanoni wankakku ya gani, haka kuwa ya rubuta. Daga baya har aka ƙaga cewa mutanen sun rubuta a littafinsu suna kuka don tsoro. Wannan ba ya cikin rahoton masu bincike. Gani ya kori ji. In an kawo muku labari, ku tambaya: wa ya gani da idonsa, yaushe kuma ya faɗa?

Mu kuma lura da dokar nan da muka ambata. Ba ragwaye ba ne mutanen nan, kayan aiki suka je ceto. Amma da mutum ɗaya ya tsaya a hasumiya, da fitila ba ta kwana goma sha ɗaya a mace ba, jiragen da ke dogara gare ta suna wucewa cikin duhu. Wanda ya kafa dokar ya san abin da ya hango.

Bayan wannan, waɗansu ma'aikata suka ci gaba da tsaron fitilar shekara 70. A 1971 aka sa mata na'urar da ke kunna ta da kanta, ma'aikata suka koma gida. Yanzu ba mai zama a tsibirin, sai masu gyara da kan je lokaci lokaci. Fitilar dai tana nan, tana walƙiya sau biyu kowane rabin minti.

Nan za mu tsaya yau. In kun koma gida, ku ba yaranku labarin yadda yake, kada ku ƙara, kada ku rage.