Fayil Maras Komai Ma Yana da Nauyinsa

An nemi in ɗan yi bayani a kan aikina, wato kula da manhajojin kwamfuta a ma'aikatarmu. To, labarin wani kuskurena zan ba ku.

Masu rubuta manhaja suna ajiye aikinsu a wani tsari mai suna Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a shekarar 2005 domin aikin Linux. Kamar rajista yake a ofis: duk canjin da aka yi, yana rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da dalilin da ya bayar.

A cikin irin wannan ma'ajiya akan tarar da fayiloli da babu ko harafi ɗaya a cikinsu. Wasu shara ce kawai, ta samu ne don hannun wani ya zame wajen buga umarni. Wasu kuwa da gangan aka sa su. Dalili shi ne Git ba ya lura da jakar fayiloli idan ba komai a cikinta, saboda haka ake jefa wani fanko a ciki, galibi mai suna .gitkeep, don jakar ta zauna.

Wata rana na tarar da irin waɗannan fankuna a manhajar da ke fitar da jerin albashi. Ban tambayi kowa ba, na ɗauka duk shara ce, na share su, har ina ganin na yi abin yabo. Ashe ɗaya daga cikinsu shi ke riƙe da jakar da manhajar ke zuba rahotonta. Da aka kai gyaran babbar kwamfuta, sai jakar ta ɓace. Ƙarshen wata ya zo, jeri ya ƙi fita, masinja da direba da sakatare kowa ya zuba ido, ga kuɗin makarantar yara ya matso. Yini muka yi muna nema kafin tarihin da Git ya ajiye ya nuna inda matsalar take, da sunana a jiki ɓaro-ɓaro. Da umarni ɗaya muka maido da fayil ɗin, amma kunyar ta daɗe tare da ni.

Da na buga git log a kan fayil ɗin tun farko, da na ga wanda ya sa shi, na je na tambaye shi. Ga masu sa irin wannan fanko kuwa, ku rubuta dalili, ko da layi ɗaya ne, don na baya ya gane.

Malamanmu, kun sha faɗa mana kada a raina ƙanƙantar allura, ƙarfe ce. Sai yanzu karatun ya zauna.