Minshari, Hawan Jini da Sitiyari: Cutar da Muka Ƙi Nema

Shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, iyayen ƙasa, abokan aikina likitoci da malaman jinya, shugabannin direbobi, barkanmu da warhaka. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ga maganar.

Akwai minsharin da cuta ne. Cutar tana kashe mutane a gadon asibiti, tana kashe su a kan titi, mu kuwa sai mu rubuta wani dalili a takarda mu wuce. Idan mai wannan cuta ya yi barci, naman maƙogwaronsa ya saki, harshe ya koma baya, sai hanyar iska ta toshe. Ƙirji yana ta ja, iska ta ƙi shiga. Idan ɗaukewar ta kai daƙiƙa 10, mun ƙirga ɗaya. Sau 5 zuwa 15 a awa, cutar da sauƙi. 15 zuwa 30, matsakaiciya. Abin da ya haura 30 ya yi tsanani.

Shi maigida bai san ana yi ba. Uwargida ce ta sani. Ita ke jin minsharin ya yanke ɗif, ta tashi zaune tana kallon ƙirjinsa, har sai ya yi wani gurnani ya fizgo numfashi, ya juya, a sake sabon zagaye. Da asuba ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, ya yi fitsari sau uku cikin dare, kafin liman ya gama huɗubar Juma'a ya fara gyangyaɗi. Kowace toshewa tana rage iskar da ke cikin jini, jiki ya firgita, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. Shi ya sa a wani bincike da aka yi a Toronto a 2001, cikin masu hawan jinin da ya gagari magunguna uku, kashi 83 cikin ɗari an same su da wannan cuta. Nawa ne irinsu a layin asibitocinmu, muna ta ƙara musu ƙwaya ba tare da mun tambayi yadda suke kwana ba?

A 2019 mujallar Lancet Respiratory Medicine ta ƙiyasta mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke fama da ita a duniya, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashe goma na gaba.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, wato sitiyari. A 1999 likitocin Sifen suka buga wani bincike da ya kamata kowane mai ba da lasisi ya haddace. Sun ɗauki direbobi 102 da aka kawo asibitocin Burgos da Santander bayan haɗarin mota, suka gwada barcinsu, suka kwatanta da na mutum 152 da ba su yi haɗari ba. Wanda numfashinsa ke yankewa ko raguwa sau 10 ko fiye a awa, yiwuwar haɗarinsa ta ninka ta sauran kamar sau shida. Ko da aka cire tasirin giya da shekaru da ƙiba da matsalar ido, alaƙar tana nan daram. Bincike-binciken da suka biyo baya sun sami ninki biyu zuwa uku. Ku ɗauki ƙaramin ma, ya isa tashin hankali. An kuma ga haɗarin yana raguwa ƙwarai idan direban ya samu magani. Kan haka Tarayyar Turai a 2014 ta sa cutar cikin abubuwan da ake dubawa wajen lasisin tuƙi.

To mu dawo gida. Direban da ya taso daga Kano ta Kazaure, ko ya yi lodi a kasuwar Mai'aduwa, ko ya nufi Damagaram ta Kwangwalam, sau da yawa namiji ne da ya haura hamsin, zaman mota ya ajiye masa tumbi, wuya ya yi kauri. Siffar mai cutar ke nan sak. Yana yaƙi da gyangyaɗi da goro da shayi mai kauri, wani har da turamol, alhali irin wannan ƙwaya tana ƙara danne numfashi cikin barci. Daƙiƙa uku na rufe ido a gudun kilomita 100 tafiyar mita 83 ce babu direba, ga fasinja maƙil a baya. Idan abin ya faru sai a ce gudu ne, ko taya, ko ƙaddara. Mun yarda da ƙaddara, amma an umarce mu da neman magani. Garin Daura da ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya ya fi kowa cancantar fara tambayar yadda direbobi ke barci.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don shekaru muna wannan ja-in-ja: ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ba mu da ɗakin gwajin barci, injin taimakon numfashi na CPAP ya yi tsada, wuta babu. Na ji. Amma tambayoyi takwas da Farfesa Frances Chung da abokanta suka fitar a 2008 ba sa cin wuta: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, an ga numfashi na ɗaukewa, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Uku suka hau, a bincika. Tef ɗin tela da minti biyu kawai ake bukata.

Magani kuma hawa-hawa ne. Rage kashi 10 cikin ɗari na nauyi kan rage toshewar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A bar kwanciyar rigingine, a koma ta gefe. A bar taba da maganin barci na kemis. Mai tsanani sai CPAP, injin da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni a 1980, wanda ke hura iska ta hanci ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Ƙaramar sola da batir suna tafiyar da shi. Yaro mai minshari da barci baki buɗe, yawanci ƙululun maƙogwaro ne suka kumbura, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke cire su. Yanke beli wajen wanzami ba ya taɓa su, sai dai ya jawo zubar jini da ƙwayar cuta.

Bukatuna huɗu ne, kuma ba sababbi ba ne. Duk mai hawan jini a asibitocin Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa a yi masa tambayoyin nan takwas, a gaban matarsa in da hali. Babban asibitinmu ya sayi na'urorin gwajin barci na gida ko da biyar ne. Ƙungiyar direbobi ta riƙa tantance 'ya'yanta duk shekara, da sharaɗin wanda aka samu za a yi masa magani ya koma bakin aiki, domin ranar da aka ƙwace makullin mutum ɗaya, babu wanda zai sake faɗin gaskiya. Masarauta kuma, ranku ya daɗe, ta sa hakimai da limamai su isar da saƙon. Kuɗin duk wannan bai kai asarar tirela ɗaya da ta kife ba.