Kayan Ɗaki Na Hannu Ba Abin Kunya Ba Ne

Hakimai, da ku Malamai:

Kun fi kowa sanin yawan ƙararrakin bashi da ke zuwa zaurukanku bayan kaka, da yawansu kuwa asalinsu kayan ɗaki ne. Talaka zai aurar da 'yarsa, ko ya tare a sabon gida, sai kunya ta sa ya jinginar da gona don ya sayi sabon gado da kabad. Biki ya watse, shi kuwa ya shekara yana biya. Alhali kuwa akwai kaya na hannu masu ƙwari wajen dillalai, da wajen ma'aikatan da aka yi wa canjin gari. Ana cewa araha ba ta ado, amma gadon maɗaci ko na loko da ya shekara ashirin ya fi sabon da aka yi da matsattsen garin katako, wanda ke kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi.

Ga abin da muke roƙo ku sanar da dagatai da masu unguwanni.

Na farko, a fara da abin da ya wajaba, watau shimfiɗa da abin ajiye tufafi. Kujeru sa biyo baya.

Na biyu, kada a sayi kaya da dare. A tafi da kafinta, ya girgiza su, ya ƙwanƙwasa. In an ga ƙananan huji da gari yana zuba, ƙwari sun cinye cikin katakon, a bar shi. Gadon ƙarfe kuwa a duba tsatsa a mahaɗarsa.

Na uku, kuɗin cizo yana ɓuya cikin tsaga. A kwance gadon a waje, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗai, a shanya a rana, a maimaita bayan kwana goma, domin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe kafin nan. Kada a fesa maganin ƙwarin gona cikin ɗakin kwana, guba ne ga yara. Katifa kuwa gara a sayi sabuwa, ko da ƙarama ce.

Na huɗu, wannan naku ne, Malamai. A ƙarƙashin dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960, karɓar kayan sata da saninsa laifi ne. Saboda haka a yi ciniki gaban shaidu biyu, a rubuta sunan mai sayarwa da irin kayan da kuɗinsu.

Talakawa da ku suke koyi. In Hakimi ya yaba wa mutumin da ya yi daidai ƙarfinsa, ba mai yi masa gori, gonarsa kuma ta tsira.