Jawabi A Kan Bab Makka Da Aikin Hannu Mai Haɗa Jama'a

Ga shi siyasa ta shiga tsakaninmu, har maƙwabci ya daina gaida maƙwabcinsa saboda jam'iyya. Don haka nake so mu duba wani misali daga Jidda.

Alhazanmu sun san Bab Makka, ƙofar gabas ta tsohon birnin Jidda, inda hanyar Makka ta tashi. An rushe ganuwar birnin a 1947, amma tsofaffin gidaje suna nan, an gina su da dutsen Bahar Maliya, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin. A 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya. A kasuwar Bab Makka za ka ga Bahaushe da Bayamale da mutumin Jawa, harshe daban, mazhaba daban, amma kowa ya ɗaga kai ya ga tagar nan sai ya yaba.

Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya riƙe garin daga 1972 zuwa 1986, ya gane amfanin wannan. Ya nemo gwanaye na gida irin su Abdulhalim Radwi, da baƙi irin su Henry Moore na Ingila, ya sa aka kafa ayyukansu a mararraba da bakin teku, ba a cikin gidajen attajirai ba. Mafi yawansu ba siffar mutum ba ne, don a kiyaye al'adar gari. Ga babban keken ƙarfe na Julio Lafuente, har yau da shi ake kwatance. Attajiri da ɗan dako duk nasu ne.

To, jama'a, mu ma muna da masu zayyanar allo, da maɗinka riga, da magina. Shawarata ita ce a ba samarin kowace jam'iyya bangon makarantarmu, su zauna su shirya zanen tare kafin zaɓe. Za su yi gardama a kan launi, amma wanda ka riƙe wa tsani yau, da wuya ka jefe shi gobe. Daga nan sai a shiga zancen kwata da famfo.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin. Wasalam.