Malamin Gaskiya Ba Ya Sayar Da Bakinsa

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, masunta na bakin ruwan Ngaski, manoman Shanga da 'yan kasuwar Yelwa, ku kasa kunne ku ji labarin malamai biyu.

A cikin watan Fabrairu na 1906, mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, suka tashi a kan mulkin Nasara. Yawancinsu manoma ne da bayi gudaddu, jagoransu kuwa Malam Isa da wani malami makaho, Ɗan Makafo. Da gatura da fartanya suka kashe Razdan da Turawa biyu. Ranar 10 ga Maris soja suka dawo da bindiga mai ruwa, dawakin Sarkin Musulmi na taya su. Aka hallaka mutum wajen 2,000, aka rushe garin, aka kashe Ɗan Makafo a Sakkwato.

To, a cikin wannan wata na Fabrairu aka haifi wani yaro a Jamus, sunansa Dietrich Bonhoeffer. Ya zama malamin addinin Kirista, ɗariƙar Luther. Da Hitila ya hau mulki a 1933, malaman coci da yawa suka yi masa mubaya'a. Shi kuwa ya ƙi, ya tsaya wa Yahudawan da ake zalunta. A 1937 aka rufe makarantarsa. A 1939 ya sami mafaka a Amurka, amma ya koma gida don ya sha wuya tare da mutanensa. Ya shiga cikin masu shirin kawar da Hitila, aka kama shi a 1943, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945, yana da shekara 39.

Jama'a, addininsu ba ɗaya ba ne, kuma ba cewa muke ku ɗauki gatari ba. Ga dai abin lura: azzalumi ba ya tsoron malamin da ke karɓar riga da goro a fada. Wanda yake tsoro shi ne mai faɗa masa gaskiya a gaban idonsa.

Saboda haka in malami ya faɗi gaskiya aka matsa masa, kada mu watse mu bar shi. Mu je gidansa, mu ciyar da iyalinsa, mu tsaya masa shaida a gaban alkali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu malamai masu tsoronsa, amin.