Allo Ya Ɗauke Ana Tsakiyar Wasa: Ina Laifin Yake?

Jawabi ga taron ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan Kankiya da Kusada



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau, wani zai ga kamar bai isa a tara mutane dominsa ba, watau kwamfutar tebur wadda allonta ke ɗaukewa ana cikin wasa. Amma duk wanda ya yi wata da watanni yana tsimi, ko ya zuba adashi daga ɗan albashinsa har ya mallaki na'urar nan, ya san al'amarin ba ƙarami ba ne. Tun 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, na'urar ta fita daga sahun kayan ƙawa. Wadda ake buga FIFA da ita da dare, ita ce ɗalibin Dutsin-Ma ko na Katsina ke buga kundinsa da ita da safe, ita ce kuma ƙannenmu ke koyon jarrabawa a kanta. Ga kuma samarin da suka buɗe shagunan wasa, waɗanda abincinsu na yau da gobe ya rataya a kanta.

Ciwon dai sananne ne. Ana rubutu ko kallo, na'ura lafiya lau. Da an shiga wasa an ɗan jima, sai allo ya yi baƙi, ya nuna kalmomin nan biyu na Turanci, "No Signal", ma'ana babu hoton da ke iso masa. Nan take sai a yanke hukunci. Dattawa su ce wasa ne ya ɓata ta, abokai su ce katin hoto ya mutu, mai ita kuwa ya fara lissafin kuɗin mota zuwa Kano. Abin da muke so mu tabbatar yau shi ne, wasa ba ya ɓata kwamfuta, asirinta yake tonawa. Motar da ke yawo cikin gari babu kaya ba a sanin lafiyarta, sai ran da aka labta mata buhunan gero aka hau titin Kano. Katin hoto, watau sashen da ke zana abin da muke gani a allo, ba ya shan fiye da wat 10 zuwa 20 lokacin rubutu. Da an shiga wasa kuwa, kati irin RX 580 yakan ja har wat 185, RTX 3060 kuma wat 170. Duk raunin da ke ɓoye, na wuta ne, na zafi ne, ko na waya, a wannan lokaci yake bayyana.

Saboda haka aikin farko shi ne lura, tun kafin a ɗauki sukudireba. Idan allo ya ɗauke, kada a yi gaggawar kashe na'urar. A saurara, a kuma danna maɓallin Caps Lock a ga ko 'yar fitilarsa tana amsawa. In sautin wasa na ci gaba, fitilar kuma tana kunnuwa tana mutuwa, to na'urar na da rai, laifin yana tsakanin kati da allo. In fankoki suka ɗauki kuka da ƙarfi, fitilar kuma ta ƙi amsawa, katin ne ya faɗi, galibi don zafi ko ƙarancin wuta. In kuwa na'urar gaba ɗaya ta mutu ko ta sake tashi da kanta, zargi ya fi ƙarfi a kan wuta. A kuma lura da lokaci. Ciwon da ke zuwa bayan minti 15 ko 20 kullum, yana saurin zuwa da azahar yana jinkiri da asuba, ya yi kama da zafi. Wanda ke zuwa ba zato, ko daidai lokacin da firiji ko dutsen guga ya kama, ya yi kama da wuta. Windows ma tana da littafin da take rubuta abin da ya faru, sunansa Event Viewer. Lamba 4101 tana nufin manhajar kati ta sandare ta farfaɗo. Lamba 41 tana shaida cewa na'urar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, amma ba ta faɗin dalili, don haka kada a ɗora mata abin da ba ta ce ba.

Bayan lura sai gwaji, kuma ƙa'idarsa biyu ce: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, sa'an nan a canja abu ɗaya tak a kowane karo. Wanda ya sake waya, ya share ƙura, ya sabunta manhaja duk a yini ɗaya, ko na'urar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, ran da ciwon ya dawo kuwa sai ya koma farko.

A fara da wayar da ta haɗa akwati da allo, HDMI ce, DisplayPort ce, ko tsohuwar VGA. A zare ta a mayar, a tabbata a jikin katin hoto aka soka ta, ba a kafar madabod da ke sama ba. A ari wata waya a gwada, a kuma jona akwatin da talabijin ɗin gida. In talabijin bai ɗauke ba, an gane laifin allo ne ko wayarsa. Daga nan sai direba, watau manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da kati. Windows takan ba katin daƙiƙa 2 ya amsa, in ya gaza sai ta yi ƙoƙarin tashe shi. Mutum ma zai iya yin haka da hannunsa, ta danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. In hoto ya dawo, direba ne abin zargi. A goge tsohon sarai da manhajar DDU, a sa sabo daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel. In ciwon ya fara ne bayan sabuntawa, a koma kan na baya.

Yanzu mun iso kan abubuwa biyu da suka fi shafarmu mu mutanen wannan yanki, zafi da wuta. Yawancin shawarwarin da muke karantawa a intanet mutanen da ke zaune a ɗakuna masu sanyi ne suka rubuta su. Mu kuwa shekararmu daban take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na tura ƙura cikin akwati, fankoki na zuƙarta dare da rana, har ta toshe tsakanin siraran ƙarafan da ke fitar da zafi. Ba a ganin illar a lokacin, domin gari da sanyi. Sai bazara ta kama, Afrilu da Mayu, zafi ya kai digiri 40 ko ya wuce, balle a ɗaki mai rufin kwano, sa'an nan bashin hunturu ya taso. Lissafin mai sauƙi ne. Kati da iskar ɗaki yake shan sanyi, don haka wanda ke tsayawa a digiri 72 a ɗaki mai digiri 25, zai doshi 87 a ɗaki mai digiri 40, ko da babu ƙura. Alhali katunan Nvidia da yawa tun daga wajen digiri 83 suke fara rage gudu don kare kansu.

Ba sai an yi kirdado ba. Manhajar HWiNFO ko GPU-Z, duka kyauta, za su nuna zafin kati ana cikin wasa. Akwai kuma gwajin da kowa zai iya: a buɗe murfin gefe, a saita fankar tebur tana hura ciki. In ciwon ya yi jinkiri ko ya ɓace, an kama ɓarawo. Maganin shi ne shara. A kashe na'ura, a zare wayar wuta, a fita da akwatin tsakar gida, a bi shi da buroshi mai laushi da injin hura iska, ana riƙe da fukafukan fanka kada su yi ta juyi. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki. Kafin a taɓa wani abu a ciki, a dafa ƙarfen akwatin tukuna, domin ɗan tartsatsin nan da muke ji in mun tuɓe riga da hunturu ya isa ya lalata ƙananan sassa. A ɗauke akwatin daga ƙasa, a raba shi da bango. In katin ya kwana biyu, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya shi kan bushe, sai a kai wa wanda ya iya ya sake shafa sabo.

Ita kuwa wuta kashi biyu ce, ta waje da ta ciki. Bisa ƙa'ida wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce, amma duk wanda ya ga ƙwan lantarki ya yi ja da magariba ya san ba kullum take cika ba. Ƙaramin janareta ma yakan yi sama da ƙasa in an ƙara masa kaya. Sitabilaiza mai kyau tana taimakawa. Amma a kula da na'urar UPS: wadda aka rubuta wa 650VA ba ta ba da ko wat 400, ba ta kuwa isa ta riƙe babbar kwamfutar wasa da allonta ba. A gwada jona akwatin kai tsaye a bango, a raba shi da soket mai baki da yawa wanda ya saki. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana tsawa, a zare waya baki ɗaya.

Ta ciki ita ce fawa-fak, akwatin da ke raba wa kowane sashe wutarsa, kuma nan ne aka fi yin arha ana asara. Da yawa daga kwamfutocin da ke hannunmu na ofis ne 'yan gwanjo, masu fawa-fak na wat 240 zuwa 300, waɗanda aka ƙera domin rubutu da lissafi. Sai a sayo babban kati a cusa musu, alhali kamfanin AMD wat 500 ya nema wa RX 580, Nvidia kuma wat 550 ga RTX 3060. Ramin da ake soka kati wat 75 kaɗai yake bayarwa. Sauran sai ta waya ta musamman, mai baki 6 wat 75, mai baki 8 wat 150. A tabbata wayar nan ta shiga har ta yi ƙas, a kuma guji ƙananan mahaɗan da ke jawo wuta daga wayar faifan ajiya, domin sukan narke. Da manhajar MSI Afterburner ana iya rage wa kati ƙarfi zuwa kashi 70 cikin ɗari. In ya daina ɗaukewa alhali zafinsa daidai yake, fawa-fak ne ya gaza. Gargaɗi ɗaya a nan, muna roƙo a riƙe shi da kyau: kada kowa ya kwance fawa-fak. Yana riƙe da wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare waya. Canja shi ake yi ɗungum.

In duk waɗannan sun tsira, sai a zare ram a mayar, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincike. Sai a ƙarshen ƙarshe ake tuhumar katin kansa, shaidar kuwa ita ce a sa shi a kwamfutar aboki. In ya ɗauke a can ma, ko yana zana ɗigo-ɗigo da layuka a allo, hukunci ya tabbata. Masu niyyar sayen na gwanjo su sani cewa tun watan Satumba na 2022, sa'ad da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, katunan da suka yi shekaru suna aiki ba hutu suka cika kasuwannin duniya. Wanda ya je Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kada ya gamsu da ganin hoto ya fito. Ya nemi a kunna masa wasa mai nauyi na rabin awa a gabansa, yana duban zafi, kafin ya ƙirga kuɗi.

'Yan'uwa, za ku lura cewa yawancin gwaje-gwajen nan aro suke bukata, ba saye ba: aron waya, aron allo, aron fawa-fak, aron akwatin aboki. Abin da ya gagari mutum ɗaya a Kusada sai ya yi tafiya, mutum biyar za su gama shi da yamma ɗaya ba tare da kowa ya shiga mota ba. Shawararmu ita ce ɗalibai da ma'aikatan garuruwan nan biyu su haɗa ɗan abin da ya samu, su tanadi injin hura iska ɗaya, da wayoyin gwaji, da fawa-fak mai kyau, a ajiye su wurin amintacce. A sa ranar shara sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama, ɗaya da kaka. A kuma buɗe littafi ana rubuta kowane ciwo da alamarsa da abin da ya warkar da shi, domin na baya su amfana. Ilmin da muke nema a jami'a, na kimiyya ne ko na shari'a ko na likita, tushensa ke nan: a duba shaida kafin a yanke hukunci. Wanda ya saba da haka a kan kwamfutarsa, zai yi shi gobe a kan teburin ofis, inda hukuncin ya shafi mutane.