Ƙarar Sana'a da Haƙƙin Maƙwabci: Daga Wurin Gyaran Jirage a Warri Zuwa Garin Illela



A harshen Hausa kalma ɗaya ce ake amfani da ita ga amon da ke damun kunne da kuma kukan da mutum ke kaiwa gaban alƙali, wato ƙara. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba inda waɗannan ma'anoni biyu suka haɗu: mutum yana aikin neman abincinsa a cikin gidansa ko a ƙofar gidansa, maƙwabcinsa kuwa ya kasa barci, ko karatu, ko jinyar mara lafiya. Kowannensu yana da haƙƙi, kuma tilas ne wani ya raba gardama. Za a ɗauki garin Illela na Jihar Sakkwato a matsayin misali, amma kafin a isa can ya kamata a fara da wata shari'a da aka yi a ɗaya ƙarshen ƙasar.

A shekarar 1971 Babbar Kotu ta Warri ta yanke hukunci tsakanin wani lauya mai suna Tebite da kamfanin Nigeria Marine and Trading. Ofishin lauyan yana kan titin Robert, kuma a gidan da ke jikin nasa kamfanin yana ƙera jiragen ruwa da gyara su. Lauyan ya kai kuka cewa amon injuna da warin da ke fitowa daga wurin sun hana shi aikinsa. Unguwar kuwa dama ba ta masu shiru ba ce, domin gidajen zama da wuraren kasuwanci a gauraye suke. Duk da haka kotu ta ga cewa ƙarar ta wuce abin da aka saba ji ko a irin wannan unguwa, ta ba lauyan diyya, ta kuma hana kamfanin ci gaba da damun sa. Har yau ɗaliban shari'a suna karanta wannan hukunci. Abin lura a cikinsa shi ne, ba a ce gyaran jirgi laifi ba ne. An auna ƙarar ne da yanayin wurin, aka ga ta yi yawa.

To, mene ne haɗin Illela da jirgin ruwa? Gari ne na kan iyaka, kimanin kilomita 80 da 'yan kai arewa da Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma an fi sanin sa da kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi. Amma a ƙasar Illela ne tafkin Kalmalo yake, wanda ruwan Maggiya ke gangarowa cikinsa daga Nijar, kuma a da masunta suna rayuwa a kansa. Farin shekarun 1970 da 1980, tare da madatsun ruwa da aka gina a sama domin noman rani na Ƙonni, sun rage ruwan tafkin ƙwarai, har ya zama ɗaya daga cikin ruwayen da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta shafa. Da ruwa ya ja baya, sai sana'ar kwalekwale ta bi shi. Mai son ganin masu haɗa jirage suna aiki sosai sai ya tafi Yawuri, a bakin Kwara. Abin da ya maye gurbin gizagon masassaƙi a Illela shi ne gudumar mai gyaran jikin mota, da injin mai walda, da makanikin babur da ke gwada injin ɗan kabu-kabu, da injin niƙa a zauren gida, da janareta da ke tafiyar da su duka idan babu wuta. Kayan aiki sun sake, matsalar kuwa ita ce ta Warri.

Kada a ɗauka cewa ƙasar Hausa ba ta san wannan matsala ba sai da Turawa suka zo. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida. A birnin Sakkwato akwai Maƙera Assada, akwai Marina, akwai Majema. Mai wuta da guduma, da mai baba, da mai jima, kowa an san inda yake, kuma wanda ya gina gida a cikinsu ya san abin da zai ji da abin da zai shaƙa. Bugu da ƙari kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera ko Sarkin Ruwa, wanda mai unguwa zai iya kira idan wani daga cikin mutanensa ya wuce gona da iri. Yawancin rigingimu a nan suke mutuwa, ba su kai gaban alƙali ba.

Idan kuwa suka kai, alƙali yana da abin dogara. Fiƙihun Malikiyya ya gina babi mai faɗi a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa, kuma malaman Daular Usmaniyya sun san shi sarai. A shekarar 1836 Alƙali Idrisu ɗan Halidu na Gwandu ya tattara wani littafi domin amfanin alƙalai, wanda a ciki akwai hukunce-hukuncen gini, da hanyoyi, da maƙwabtaka. Shi da ire-irensa sun sha daga malaman Magrib da Andalus. Daga cikin waɗannan, wanda ya fi dacewa da zancen yau shi ne Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma rubuta abin da ya gani.

Malaman sun raba cutar gida biyu. Akwai wadda ke taɓa dukiya, kamar girgizar dutsen niƙa da ke tsaga bangon maƙwabci. Wannan babu saɓani, ana hana ta. Akwai kuma amo zalla, wanda ba ya rushe komai sai dai ya dami kunne. A nan da yawa daga cikinsu sun yi sassauci, domin suna ganin ba a raba mutum da abincinsa saboda amo kawai, ko da yake waɗansu alƙalai sun hana aikin da ke hana mutane barcin dare. Domin a gane ko girgiza tana isa bango, Ibn al-Rami ya bayyana wata dabara. Za a rataya takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a zuba ƙwayoyin busasshen iri a kanta, sa'an nan a ce a juya dutsen niƙan. In ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata. Wannan gwaji abin sha'awa ne, ba don wayonsa kaɗai ba: duka masu jayayya suna tsaye suna kallo, babu wanda zai ce an zalunce shi a ɓoye, kuma kuɗinsa bai wuce na zare da takarda ba.

Sai kuma batun wanda ya riga wani. Malikiyya sun bambanta tsohuwar cuta da sabuwa. Maƙerin da ya daɗe a wuri, aka zo aka yi gini kusa da shi, yana da hujja mai ƙarfi. Haka wanda maƙwabta suka yi shiru a kan aikinsa shekara da shekaru, ko da yake malamai sun saɓa a kan yawan shekarun. Dokar Ingila, wadda manyan kotunan Nijeriya suka gada, ta bi wata hanya dabam. A shekarar 1879, a shari'ar Sturges da Bridgman, wani mai yin alewa a Landan ya fi shekara 20 yana daka a turamensa ba wanda ya ce uffan, sai likitan da ke maƙwabtaka da shi ya gina ɗakin ganin marasa lafiya a jikin bangonsa, ya kai ƙara, kotu kuma ta ba likita gaskiya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya kamata ya riƙe wannan bambanci. Illela gari ne mai faɗaɗa, kuma wurin da jiya yake bayan gari, inda makanikai suka kafa rumfuna ba su dami kowa ba, yau gidaje sun kewaye shi. Rigima ɗaya tana iya samun amsa biyu, gwargwadon kotun da aka nufa, tun da Jihar Sakkwato tana da kotunan shari'ar Musulunci tare da na majistare da Babbar Kotu.

Dokokin zamani kuwa ba su yi kaɗan ba. Dokar Finalkod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa damun jama'a cikin laifuffuka. A 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, sa'an nan a 2007 hukumar NESREA ta karɓi aikin tilasta bin ƙa'idojin muhalli. A 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙara, waɗanda suka yanka iyaka da ma'aunin da ake kira desibel. A unguwar zama zalla, 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka gauraya da 'yan shaguna, 55 da 45. Inda suka gauraya da ƙananan masana'antu da kasuwanci, wanda shi ne ya fi kama da tsakiyar Illela, 60 da 50. Rana a wannan lissafi daga ƙarfe 6 na safe take zuwa ƙarfe 10 na dare.

Waɗannan lambobi ba su da ma'ana sai an san abin da suke aunawa. Hirar mutum biyu ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Ma'aunin ba ya hawa kamar na mudu: ƙarin 10 yana nufin ƙarfin amon ya ninka sau goma, kunne kuwa yana jin sa kamar ya ninka sau biyu. Injin yankan ƙarfe na mai walda yana kai wa wajen 100 ga wanda ke tsaye kusa da shi. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da kimanin 6. Idan aka bi lissafin, amon da yake 100 a nisan mita 1 ba zai sauko 60 ba sai a wajen mita 100, in babu katanga a tsakani. Ma'anar wannan a fili take. Mai walda da ke aiki a ƙofar gidansa, a lungun da faɗinsa bai fi mita 6 ba, ba zai iya cika ƙa'idar 2009 ba, komai kyawun niyyarsa. In aka ce za a bi dokar harafi da harafi, sai a rufe kusan kowace rumfa. In aka ga hakan ba zai yiwu ba, sai a yi watsi da ita gaba ɗaya, kuma wannan na biyu shi aka fi gani. Ga shi kuma hukuncin yana bukatar na'urar auna ƙara da wanda ya iya aiki da ita. Ta wannan fuska takardar Ibn al-Rami ta fi dacewa da wurin da aka yi ta dominsa.

Akwai wani wanda ba a cika tunawa da shi ba a cikin wannan jayayya, shi ne yaron shago. Masana lafiya sun nuna cewa zama cikin amon da ya kai 85 na tsawon awa 8 kullum yana lalata ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Maƙwabci yana da bakin kai ƙara. Almajirin makaniki mai shekara 12 da ke riƙe ƙarfe ana yanka ba shi da shi.

Wane ne ke da ikon gyara? Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999, kamar na 1979 kafinsa, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ba da lasisin kekuna, da kwalekwale, da baro, da amalanke. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota. Akwai tsara harkar shaguna da rumfuna. Abin dariya ne kaɗan a ce Ƙaramar Hukumar Illela tana da ikon yi wa kwalekwale lasisi bayan tafkin ya ja baya, amma ikon da ke kan shaguna da rumfuna yana nan da ransa, kuma majalisar ƙaramar hukuma tana iya kafa dokarta a kansa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a mai da lasisi hanyar karɓar haraji kurum. Mai rasit ya zo, ya karɓa, ya tafi, bai tambayi inda janareta ke zaune ba, ko ƙarfe nawa ake kashe shi.

Dokar da za ta yi aiki a irin wannan gari ba ta bukatar tsawo. Da farko lokaci: aikin guduma da injin yanka ya tsaya daga sallar isha zuwa hantsi, kuma wannan kowa yana iya shaidawa ba tare da na'ura ba. Sai wuri. Bai halatta a kori mai sana'a ba a nuna masa inda zai koma ba, kuma a nan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna iko a kan filayen birni, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a filayen da ba na birni ba. Filin da za a ware wa makanikai da masu walda dole ya kasance a bakin hanyar Sakkwato ko kusa da tasha, inda motoci suke, domin sana'ar garin kan iyaka tana bin zirga-zirga ne. An ga haka lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024: da motoci suka tsaya, ciniki ya faɗi. Mutumin da ya sha irin wannan wahala ba zai yarda a tura shi daji ba, kuma ko an tura shi zai dawo ƙofar gidansa cikin wata guda.

Ga waɗanda ba za su iya tashi ba, kamar matar da injin niƙanta ke cikin gida domin tana cikin kulle ko tana renon yara, akwai gyara mai sauƙi. A ɗora injin a kan dakali dabam wanda bai haɗu da bangon maƙwabci ba, a sa tsohuwar taya ko roba a ƙarƙashinsa, a kewaye janareta da ginin ƙasa mai kauri tare da barin hanyar iska da hayaƙi zuwa waje, a kuma gyara salansa. Katangar ƙasa tana tare amo fiye da kwano nesa ba kusa ba, domin nauyin bango shi ke hana amo wucewa.

Saura wanda za a kai wa kuka. Kafin takarda ta isa kotu, ya kamata doka ta ce a fara da mai unguwa tare da shugaban ƙungiyar masu sana'ar da jami'in duba-gari, su je wurin a lokacin da ake aikin, su shiga ɗakin mai kukan, su ji da kunnuwansu, su rubuta abin da suka ji da ranar da sa'ar. In sulhu ya yiwu, a rubuta sharuɗɗansa, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a sakatariya. In bai yiwu ba, wannan rubutu shi ne zai zama shaida a gaban alƙali, ko na kotun shari'ar Musulunci ko na majistare.